Buɗaɗɗiyar wasiƙa daga Gadarif zuwa ga masu bin Sudan bashi

Zuwa ga Ƙungiyar Faris ta ƙasashe masu ba da bashi, da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, da Bankin Duniya, da kuma 'yan'uwanmu mahukuntan Kuwait da Saudiyya.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne alkawarin sassauta bashi da aka ƙulla tsakaninku da ƙasar Sudan a shekarar 2021. Talakan Sudan ya cika nasa ɓangaren tun kafin a zauna sa hannu, ya cika shi da cikinsa da na 'ya'yansa. Ku kuwa kun jingine naku bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba na wannan shekarar, yana nan a jingine har yaƙi ya zo ya same mu. Ina so in faɗa muku yadda lamarin yake a idon wanda ke ƙasa, in kuma nemi abin da nake ganin haƙƙinmu ne.

Ni Bahaushe ne, manomin riɗi da dawa a Gadarif, a ƙasar nan aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Da Hausa na rubuta domin 'yan'uwana na Mai Wurno da Kasala da Damazin su ji, na Kano da Sakkwato da Damagaram su ji, haka ma waɗanda neman abinci ya kai Jidda da Riyad. Su ma sun san ɗacin bashin ƙasa. Ku kuma ba ku rasa masu fassara.

A shekarar 2000 shugabannin duniya suka amince da Muradun Ƙarni, na takwas daga ciki ya ce za a kafa tarayya tsakanin ƙasashe masu hali da marasa hali a kan agaji da ciniki da bashi. An sake jaddada wannan a 2015. Mu Hausawan Sudan mun daɗe da sanin wata irin tarayya. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci ragowar jama'a zuwa gabas har suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Wasu kakanninmu kuma mahajjata ne da suka taho a ƙafa, guzuri ya ƙare, suka tsaya aiki, tsayuwar ta zama zama. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira domin ciyar da masaƙun Ingila da auduga, hannun mutanenmu na cikin waɗanda suka yi tsinkar. Shekaru da yawa rabon ribar haka yake: gwamnati kashi 40, mai hawasha, wato manomin da aka ba fili a gonakin, kashi 40, kamfanin Turawa kashi 20. Mafi yawan kakanninmu ba sa cikin wannan lissafi. Ladan yini ake ba su, su koma kambo, wato sansanin 'yan ƙwadago, a bakin magudanar ruwa, wasu jikokinsu har yau a kambon suke. Saboda haka idan na ji ana zancen tarayya, abin da nake fara tambaya shi ne, wa aka rubuta a takardar rabo, wa kuma aka bari a bakin gona?

Bashin da kuke bin Sudan ya haura dala biliyan 56 a ƙarshen 2020. Asalinsa tun zamanin Ja'afar Numairi ne, shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya yi yawa a hannun ƙasashen Larabawa da bankunan Turai, aka yi ta cewa Sudan ce za ta zama rumbun abincin Larabawa. Aka ranto, aka kafa manyan ayyuka, wasu suka tsaya da ƙafarsu kamar sukarin Kenana, wasu suka mutu tun ba su yi numfashi ba. Farashin auduga ya faɗi, na mai ya tashi, fari ya zo a 1984, yaƙin Kudu ya sake ɓarkewa. Daga wannan shekara Sudan ta fara kasa biyan Asusun Lamuni. Ba a tambayi manomi ba lokacin da ake rantowa, mulkin soja ne, ba wanda ya isa ya tambayi inda kuɗin suka shiga. Masu ba da rancen kuma sun san da wa suke hulɗa.

Daga nan sai kuɗin ruwa da tarar jinkiri suka karɓi aikin. Mafi yawan biliyan 56 ɗin nan ba kuɗi ba ne da suka taɓa shigowa ƙasar nan, lissafi ne da ya yi ta haihuwa a littattafanku shekara kusan 40. Masu fafutukar yafe bashi a Birtaniya sun nuna cewa abin da ƙasarsu ke bin Sudan ya fara ne daga fam miliyan 173 na Ingila, ruwa ya yi ta hawa kansa har ya wuce fam miliyan 800. A ƙauyukanmu akwai abin da ake kira shel. Tsakiyar damina, rumbu ya ƙare, manomi ya je wurin ɗan kasuwa ya karɓi ɗan abin da zai kai shi kaka, da sharaɗin zai biya da buhunan hatsi a farashin da mai kuɗi ya yanke. Kaka ta yi, a kwashe amfanin tun daga masussuka, damina mai zuwa ya sake komawa ƙofar mutumin nan. Dattawanmu ba sa kiran wannan ciniki, zalunci suke ce masa, ko da kuwa da yardar manomin aka yi, domin yardar mai yunwa ba yarda ba ce. Abin da aka yi wa ƙasarmu a tsawon waɗannan shekaru bai yi nisa da shi ba.

A Yulin 2011 Kudu ta ɓalle da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur. A yarjejeniyar 2012 da Sudan ta Kudu, Khartum ta yarda ta ɗauki bashin gaba ɗaya, bisa fatan za a sami sassauci daga gare ku cikin shekara biyu. Sassaucin bai zo ba, domin Sudan na cikin jerin ƙasashen da Amurka ta ce suna goyon bayan ta'addanci tun 1993.

Yanzu ga abin da muka biya bayan faɗuwar Umar al-Bashir. Gwamnatin Abdalla Hamdok ta ba Amurka dala miliyan 335 diyyar harin ofisoshin jakadancinta na Kenya da Tanzaniya da na jirgin ruwan yaƙinta a Yaman, a lokacin da mutane ke kwana a layin burodi. A Disambar 2020 aka cire sunan Sudan daga wancan jeri. A Fabrairun 2021 aka karya darajar kuɗinmu, dala ɗaya ta tashi daga fam 55 na Sudan zuwa wajen 375 a farashin gwamnati. A Yuni aka cire tallafin mai ɗungurungum, litar dizal ta tashi daga fam 125 zuwa 285. Ku duba watan da aka zaɓa. Yuni ne lokacin da tarakta ke shiga gona a Gadarif, kuma noman nan namu da dizal yake tafiya daga huɗa har kai kaya kasuwa. Manoma da yawa sun rage filin da suka saba shukawa. A Yuli hauhawar farashi ta wuce kashi 400 cikin 100. Malamin makaranta ya karɓi albashi, kafin mako ya zagayo ya ƙare.

Kuma mutanen ƙasar nan ba sa wasa da farashin burodi da mai. Shi ya kawar da Numairi a Afrilun 1985, shi ya fito da matasa titi a Satumbar 2013 aka harbe su, shi ya tayar da Damazin da Atbara a Disambar 2018. Duk da haka a 2021 mafi yawan jama'a suka cije, saboda an ce musu wannan ne wahalar ƙarshe, bayanta za a sauke nauyin.

Ban manta alherin da kuka yi ba, kuma ba zan ɓoye shi ba. Amurka ta ba da rancen wucin gadi aka share bashin Bankin Duniya, Faransa ta ba da na dala biliyan 1.5 aka share na Asusun Lamuni. Shugaba Macron ya tara taro a Faris a watan Mayu ya ce ƙasarsa za ta yafe kusan dala biliyan 5. Ranar 29 ga Yuni Sudan ta zama ƙasa ta 38 da ta shiga shirin HIPC na sassauta wa ƙasashe matalauta bashi, wanda aka fara tun 1996. A Yuli Ƙungiyar Faris ta amince ta soke dala biliyan 14.1, kuma aka ce idan aka kai ƙarshen hanya bashin zai sauko zuwa wajen biliyan 6. An kuma fara shirin Samarat, dala 5 a wata ga kowane mutum a gida. Kuɗin ba su da yawa, amma a gidan da ke da mutum takwas suna sayen buhun dawa.

Sai sojoji suka kifar da gwamnatin. Cikin kwanaki Bankin Duniya ya dakatar da kuɗinsa, Amurka ta riƙe dala miliyan 700, a Yunin 2022 Ƙungiyar Faris ta sanar da jingine aikin yafe bashin. Na fahimci dalilinku. Ba ku so ku saka wa mai juyin mulki da alheri, mu ma ba ma so, 'ya'yan ƙasar nan ne suka fito ƙirji buɗe suna cewa ba su yarda ba, aka kashe fiye da 100 daga cikinsu. To amma ku dubi inda horon ya sauka. Samarat ta tsaya. Dizal bai koma fam 125 ba, dala ba ta koma 55 ba. Duk abin da aka karɓa daga hannun talaka ya tafi ke nan, abin da aka yi masa alkawari kuwa aka riƙe. Masu bindiga suna da kamfanoninsu da zinariyarsu, ba su taɓa tsayawa layin burodi ba. Shekarar da ta biyo baya ta yi mana tsanani ta wata fuskar kuma: a Yulin 2022 rikicin ƙasar noma ya tashi a jihar Shuɗin Nilu, mutane fiye da 100 suka mutu, Hausawa da maƙwabtansu. Ba na ɗora muku alhakin wannan jini. Ina dai gaya muku cewa idan abinci ya yi ƙaranci kuma hukuma ta yi rauni, mu ne ake fara tuna wa cewa kakanninmu daga yamma suka zo.

Kun kuma nuna da kanku cewa akwai hanyar isa ga talaka ba tare da an bi ta hannun soja ba, domin a 2022 Bankin Duniya ya miƙa dala miliyan 100 ga Hukumar Abinci ta Duniya ta raba wa mabuƙata. Me ya hana a yi irin wannan tunani a kan bashin?

Bashin da ba a biya, ruwansa ba ya tsayawa sai mai bin bashin ya tsayar da shi. Tun 15 ga Afrilun 2023 ƙasar nan ke cikin yaƙi tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF. Mutane fiye da miliyan 12 sun bar gidajensu. Masana'antun Khartum Bahri sun ƙone, an wawashe Wad Madani da ƙauyukan Jazira, magudanan ruwan da kakanninmu suka yi aiki a bakinsu sun cike da laka da ciyawa. Ƙasar da ke wannan hali ba za ta biya ko kwabo ba, ku ma kun sani. Saboda haka ina roƙonku ku rubuta a fili cewa lissafin bashin Sudan ya tsaya a inda yake a Yulin 2021, babu ƙarin ruwa babu tara har yaƙi ya ƙare, kuma ranar da gwamnatin farar hula ta dawo za a ɗora daga inda aka tsaya. Kada a sake cewa jama'a su fara wata sabuwar jarrabawa daga farko, a sake cire abin da ya rage, a sake karya kuɗi. Mun riga mun biya wannan.

Abin da nake nema ba baƙon abu ba ne a wurinku. A yarjejeniyar Landan ta 1953 an yafe wa Jamus ta Yamma kusan rabin bashinta, shekara takwas kacal bayan yaƙin da ita ta tayar, aka kuma tsara biyan ragowar gwargwadon ƙarfin cinikinta. A 2004 Ƙungiyar Faris ta yafe wa Iraƙi kashi 80 cikin 100 na bashin zamanin Saddam. A 2022, watanni kaɗan da fara yaƙin Yukren, ƙasashen da ke binta bashi suka dakatar da karɓar biya, daga baya suka tsawaita zuwa 2027. Na yi murna da aka tausaya musu, sun cancanta. Yaron da ke kwance a ajin makaranta a Gadarif saboda an kore shi daga Sinja shi ma ya cancanta.

'Yan'uwanmu na Kuwait da Saudiyya, ku kuna cikin manyan masu bin Sudan bashi, kuma a 2021 kun nuna a shirye kuke ku yi sassauci irin na sauran. Ku ba sai kun jira kowa ba. Kun fi ni sanin aya ta 280 a Suratul Baƙara, inda Allah Ya yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi, Ya kuma ce yafewa ta fi alheri. Ku na Saudiyya, tsakaninmu da ku Bahar Maliya ce kawai. Kun karɓi mutanenmu da jiragen ruwa a farkon yaƙi, kun zaunar da masu faɗa a Jidda a Mayun 2023, Allah Ya saka muku. Ragunan layyar da ake yankawa a ƙasarku, da yawansu daga makiyayan Kordofan da Butana suke, ta tashar Sawakin ake loda su da ransu. A Yunin 2022 jirgi ya nutse a wannan tasha da tumaki fiye da 15,000. Duk lokacin da aka ji ƙishin-ƙishin cutar dabbobi kuma, sai a rufe ƙofa, makiyayi ya rasa kasuwar shekara. Da wani ɓangare na bashin da kuke bi za a mayar da shi mayanka na zamani da ɗakunan sanyi da asibitocin dabbobi a gabashin Sudan, da kun sami nama mai lafiya, fata da aikin yi kuma su tsaya a nan. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi yana nan a Jidda, irin wannan aiki aka kafa shi domin ya yi.

Zancen ciniki ya fi min zafi fiye da na agaji, domin mu ba mabarata ba ne, muna da abin sayarwa. Wajen kashi 70 cikin 100 na ƙaron da duniya ke saye daga Sudan yake fitowa. Yana cikin lemon kwalba da alewa da magunguna da kayan kwalliya. Da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997, ƙaro aka keɓe, saboda kamfanoninta ba za su iya yi ba tare da shi ba. An hana mu kayan gyaran jirgin ƙasa da na jirgin sama, amma hanyar ƙaro ba ta taɓa rufewa ba. Mutumin da ke tsaga jikin dakwara a tsakar rana a Kordofan, ya dawo bayan makonni ya tsince ƙaron ɗaya bayan ɗaya, ɗanye yake sayarwa. A Faransa da wasu ƙasashen Turai ake narka shi a tace a mayar da shi gari, kuma a can ribar take zama. Riɗinmu ma haka, a buhu yake fita, wasu su matse mai su yi tahina su sa sunansu.

Tarayyar Turai ta buɗe kasuwarta ba haraji ga ƙasashe mafi talauci tun 2001, Sudan na ciki, wannan abin yabo ne. Sai dai gyaɗa ba ta shiga sai da takardar gwajin da ke nuna ba ta da gubar fumfuna, kuma ɗakunan gwajin da rumbunan ajiya masu kyau su ne ba mu da su. Sudan ta nemi shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya tun 1994, har yanzu tana waje. Ga kuma matsalar banki. Bayan Amurka ta ci tarar bankin BNP Paribas kusan dala biliyan 9 a 2014 saboda keta takunkumi, manyan bankunan duniya suka guje mu, ko da aka ɗage takunkumin a 2017 yawancinsu ba su dawo ba. Ɗan kasuwa mai gaskiya da ke son sayar da riɗi sai ya bi ta hannun dillali a wata ƙasa, kowane dillali ya yanki nasa, a ƙarshe a rage wa manomi farashi. Zinariya kuwa ba ta taɓa rasa hanya ba. Tana fita, mafi yawanta zuwa Dubai, kuma makamai da jirage marasa matuƙi suna shigowa ƙasar da ba ta iya sayen maganin zazzaɓi. Wanda ya iya bin diddigin kuɗin ɗan kasuwar riɗi har ya tsoratar da banki, ya iya bin diddigin zinariyar da ke ciyar da wannan yaƙi idan ya ga dama.

Game da agaji, tun 1970 ƙasashe masu arziki suka yi alkawari a Majalisar Ɗinkin Duniya za su riƙa ba da kashi 0.7 cikin 100 na abin da suke samu. Ƙalilan ne ke cikawa, irin su Norwe da Suwidin da Denmak da Luksambur, sauran idan aka haɗa kusan rabin haka suke bayarwa. Birtaniya ta sauko zuwa 0.5 a 2021, a 2025 ta ce za ta sauko zuwa 0.3. An yi taro a Monterrey a 2002, a Addis Ababa a 2015, a Sebiya a 2025, alkawarin dai shi ne. Wani abin da ke ƙona rai, ƙa'idojinku sun ba da damar a lissafa bashin da aka yafe a matsayin agaji. Ke nan ruwan da ya taru a takarda, wanda ba wanda ya taɓa sa ran karɓarsa, ana iya soke shi a ce an taimaki Sudan da ɗaruruwan miliyoyi, alhali ko kwanon dawa bai iso ba. Ina roƙon idan ranar yafewar ta zo, kada a cire ta daga kason abinci da magani.

A Agustan 2024 aka tabbatar da yunwa mai kisa a sansanin Zamzam na Darfur. A 2025 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum miliyan 30 na buƙatar agaji. Waɗanda suka riƙe rayukan jama'a a inda manyan ƙungiyoyi suka kasa shiga su ne matasan unguwanni da matan da ke tsaye a kan tukwanen takiyya, wato wuraren dafa abincin sadaka na unguwa, suna dafa adas da shinkafa da abin da ya samu. Kuɗinsu daga aljihun maƙwabta ne da 'ya'yanmu na Jidda da Riyad da Doha masu turo abin da suka iya ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, sai ɗan tallafi daga waje. Da Amurka ta dakatar da agajinta a Janairun 2025, ɗaruruwan waɗannan wuraren girki suka rufe cikin makonni. A nan Gadarif mun sauki 'yan gudun hijirar Tigrai a Um Rakuba tun 2020, sannan na Khartum, sannan na Jazira da Sinnar. Gidajen unguwanninmu babu wanda bai ƙara baki a tukunyarsa ba. Wannan gayya ce irin wadda muka gada, ba mu jira takardar kowa ba. Ku ba waɗannan mutane kuɗin kai tsaye, ku sauƙaƙa musu sharuɗɗa, ku amince da su kamar yadda jama'arsu suka amince.

Sannan ku tuna da gona. Jihar Gadarif ita ce babban rumbun dawar ƙasar nan, yaƙin kuma bai cinye ta ba. Buhun da aka noma a nan ya fi wanda aka yi dakonsa daga wata nahiya araha, ya kuma fi kusa da mai yunwa. Manomi yana buƙatar iri da dizal da rance mai sauƙi kafin ruwan Yuni ya sauka, da kuɗin masu yanka a lokacin kaka, domin riɗi idan ya nuna ba ya jiran kowa, kwana kaɗan ya fashe ya zube. Taimakon da ya iso a Agusta ya makara. Manoman Gadarif da dama sun taɓa kwana a kurkuku saboda bashin noma da fari ya hana su biya, shi ya sa wasu ke tsoron ƙofar banki. Idan hukumomin agaji suka yi alkawarin sayen dawa daga hannunmu a farashin da aka sani tun kafin shuka, filin da za a noma zai ƙaru ba tare da an roƙi kowa ba.

Ba na wanke shugabanninmu. Su suka ranto, su suka ci, su suka saka kuɗin mai na shekarun 2000 a makamai da gidajen alfarma maimakon Jazira da asibitoci. Amma abin da suka sata ba a ƙarƙashin gado suka ɓoye shi ba, yana bankuna da gine-gine a biranen da dokokinku ke aiki. Ku taimaka a gano shi a dawo da shi. Tun faɗuwar Bashir a 2019 Sudan ba ta da majalisar dokoki. Duk wanda ya ba wani ɓangare rance a cikin wannan yaƙi, ko ya karɓi jinginar tashar ruwa ko ƙasar noma ko ma'adinai, ya sani babu wakilin jama'a da ya sa hannu. Ina roƙon Ƙungiyar Faris da Asusun Lamuni su faɗi tun yanzu cewa irin wannan bashi ba za a ɗora shi a wuyan jikokinmu ba, domin faɗin haka kaɗai zai sa mai niyyar ba da kuɗin makami ya sake tunani. Haka kuma ranar da za a koma teburin tattaunawa, a buga sharuɗɗan da Larabci a karanta a rediyo kafin a sa hannu, a kuma ji ta bakin ƙungiyoyin manoma da makiyaya da mazauna kambo.

Ƙungiyar Faris tana zama kusan kowane wata. Ina roƙon ku sa maganar tsayar da ruwan bashin Sudan a zamanku na gaba, ku fitar da amsa a rubuce, ko ta yi mana daɗi ko ba ta yi ba. Maganar iri da dizal kuma ku yanke ta kafin ƙarshen Mayu.

Allah Ya ba ku ikon yin adalci, Ya kawo mana ƙarshen wannan yaƙi.

Naku cikin girmamawa,
Wani manomin riɗi daga Gadarif, Sudan.